Bulala da Kufai: Ina Wasan Castlevania Ya Dosa?

Duk wanda ya ratsa ta cikin garin Zugurma da La'asar sakaliya, a sa'ad da rana ta yi sanyi kuma samari suka dawo daga gona, zai iya jin ƙugin wani ƙaramin janareta a bayan wani shago mai rufin kwano, in kuwa ya leƙa ciki zai tarar da talabijin biyu, da benci uku, da yara cunkus suna ihu kamar ana rabon ganima. Wannan shi ne abin da suke kira gidan gem. Galibin abin da ake bugawa a ciki ƙwallon ƙafa ne, ana biya wasa-wasa, wanda aka ci ya miƙa abin dannawa ga na bayansa. Saboda haka babu yaron da bai san sunan Konami ba, domin shi ne sunan da yake fara bayyana a fuskar talabijin kafin 'yan ƙwallon PES su fito fili. Abin da kaɗan daga cikinsu suka sani shi ne, wannan kamfani na ƙasar Japan yana da wani wasa da ya girmi ƙwallon da shekaru, wanda masu sha'awarsa a duniya suka daɗe suna jayayya a kan makomarsa, watau Castlevania.

Ni ma ban san shi ba sai ta hannun ɗan ƙanwata, wanda ya zo hutu daga Kontagora, na same shi da dare a zaure ya dunƙule a kan tabarma, hasken waya ya haske masa fuska. Na ce masa, "Kai ɗan nan, me ya hana ka barci?" Ya ce, "Kawu, gidan ne ya kife, sai na sake bin sa daga sama." Wannan amsa ce ta sa na zauna kusa da shi, zaman da ya kai ni ga nazarin da nake so in gabatar wa mai karatu.

Asalin al'amarin a adabi yake. Turawa suna da wani nau'in labarin ban tsoro da suke kira gotik, sun aro sunan daga salon ginin tsofaffin majami'u da fadoji na ƙasashensu, ana kuma lissafa farkonsa daga wani littafi da Horace Walpole ya wallafa a 1764. Ruhin wannan nau'i shi ne tsohon gida wanda zunubin magabata ya ƙi barin sa, kuma Bahaushe ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan, tun da yake mu ma muna da kufai da kango da tsohuwar tsamiya wadda ba a zama gindinta da tsakar rana. A 1897 Bram Stoker, mutumin Ailan, ya fitar da labarin Dirakula, mataccen basarake mai tashi da dare ya sha jinin mutane, ya kuwa aro sunan daga Vlad, sarkin Walakiya a ƙasar Romaniya ta yau, wanda ya gwabza da Sarkin Musulmin Usmaniyya Muhammadu na Biyu a 1462, shekara tara bayan buɗe Ƙusɗanɗiniyya. Daga wannan kayan gado ne Konami ya gina wasansa a 1986: gida guda, Dirakula a can ƙololuwarsa, da wani saurayi Simon Belmont wanda zuriyarsu ta gaji bulala guda da wajibi guda, shi ne duk sa'ad da mugun ya farfaɗo, galibi bayan shekara ɗari, wani daga cikinsu ya shiga ya kwantar da shi.

To, a nan ne saɓani ya samo tushe, har masu wasan suka rabu kamar mazhabobi biyu, kowace da hujjarta.

Mazhaba ta farko ita ce ta wasan asali, kuma ya kamata a dube ta da kyau, domin hikimarta a cikin ƙuntatawa take. In ka danna bulala, ba ta fita nan take. Simon sai ya ɗaga hannu baya tukuna, sa'an nan ta sauka, watau dole ka yi niyyar duka kafin abokin gaba ya iso. In ka yi tsalle, ba ka da ikon sauya ra'ayi a sama, inda ka nufa nan za ka faɗa. In kuwa wani abu ya taɓa ka, sai ya wurga ka da baya, alhali sau da yawa bayan nan rami ne. Akwai wasu kawuna masu yawo a iska suna hawa suna sauka kamar igiyar ruwa, waɗanda ba su da wani ƙarfi, amma sun hallaka 'yan wasa fiye da Dirakula kansa, don kawai sukan zo ne daidai lokacin da mutum yake tsakanin tudu da tudu. Tsoron da ke cikin wannan wasa, in an yi tahƙiƙi, ba daga ƙwarangwal da jemagu yake zuwa ba, domin hotunan 1986 ba su isa su firgita ko jariri ba. Yana zuwa ne daga sanin cewa kowane motsi alkawari ne da ba a warwarewa. Hanya ɗaya ce, daga ƙofa zuwa ƙololuwa, wanda ya yi haƙuri ya haddace ta ya wuce.

Mazhaba ta biyu ta bayyana a 1997 da Symphony of the Night a kan PlayStation ta farko, wanda sunan Koji Igarashi ya shahara da shi, tare da kiɗan Michiru Yamane da zanen Ayami Kojima. A nan an ajiye bulala, aka ba ɗan wasa Alucard, ɗan Dirakula na cikinsa wanda ya yi wa ubansa tawaye, aka kuma mayar da gidan taswira guda mai ɗaruruwan ɗakuna. Kana shiga da cikakkun makamai, sai Mutuwa ta tare ka a soro ta kwashe su duka, ka ci gaba tsirara kamar baƙon da aka yi wa fashi. Za ka ga ƙofa a sama wadda tsallenka bai kai ba, ka wuce ta da takaici, bayan sa'o'i ka sami ikon rikiɗa jemage, sai ka tuna da ita ka komo. Sa'an nan, a lokacin da kake zaton ka gama, in ka cika wasu sharuɗɗa, sai a buɗe maka gida na biyu, wanda shi ne na farkon a kife, rufi ya zama daɓe. Abin da yaron nan yake nufi ke nan a zaure. Wannan salo ya yi tasiri har aka haɗa sunansa da na Metroid, wasan Nintendo, aka sami kalmar da ake kiran duk wasan da ya bi wannan tafarki da ita. Daga cikin 'ya'yansa akwai Aria of Sorrow na 2003, inda jarumin yake kama kurwar duk dodon da ya kashe ya yi amfani da ƙarfinta, abin da in a garinmu ne ba mu da wani suna da za mu ba shi sai maita.

Akwai hanya ta uku da kamfanin ya yi ta gwadawa, ita ce fitar da wasan daga hoto shimfiɗaɗɗe zuwa fili mai zurfi inda ake juyawa gabas da yamma. An gwada a 1999 a kan Nintendo 64, aka sake a 2003 da 2005 a kan PlayStation 2, ba a dace sosai ba. Sai aka danƙa aikin ga MercurySteam na ƙasar Sifen, suka fitar da Lords of Shadow a 2010, wanda ya yi kasuwa, ko da yake yaran gidan gem da suka saba da God of War za su gane inda aka yi taƙlidi. Na biyunsa a 2014 bai sami karɓuwa ba, kuma har yau ana yi masa dariya da wuraren da aka sa Dirakula, sarkin dare da kansa, ya rikiɗa ɓera don ya laɓaɓa ya wuce masu gadi. A 2014 ɗin ne kuma Igarashi ya bar Konami, kamfanin kuwa ya shafe shekaru yana sake sayar da tsofaffin wasannin a dunƙule, har da sa sunan a jikin injinan caca na Japan.

Amma gonar da mai ita ya bari ba ta rasa masu noma. Igarashi ya roƙi jama'a taimako ta intanet a 2015, suka tara masa sama da dala miliyan 5, ya fitar da Bloodstained a 2019. Wasu 'yan tsirarun mutane a Ostareliya suka yi Hollow Knight a 2017, wanda da yawa suke ganin ya zarce malaminsa. A Faransa aka yi Dead Cells, inda gidan yake sauya tsari duk sa'ad da ka mutu, har Konami ya ba su aron Belmont da Dirakula a 2023. Saboda haka mas'alar da ke gaban kamfanin mai nauyi ce: in ya komo, me zai kawo wanda almajiransa ba su riga shi ba?

Shawarwarin da ake bayarwa suna da yawa. Wasu na so a bi sawun Dark Souls da Bloodborne, a yi babban gida mai zurfi da faɗa mai tsanani. Wasu na so a buɗe ƙasar Walakiya duka da ƙauyukanta da dare da rana, abin da Castlevania na biyu ya taɓa gwadawa tun 1987. Wasu kuma burinsu a nuna yaƙin 1999, wanda labarin ya ce a cikinsa ne Julius Belmont ya gama da Dirakula, amma ba a taɓa yin wasansa ba. Ra'ayina, in an yarda ɗan Zugurma ya sa baki a sha'anin Tokyo, shi ne faɗin ƙasa ba zai amfane su da kome ba, hasali ma zai tsinka miyar. Jarumin wannan silsila na haƙiƙa gidan ne, kuma duk lokacin da aka yi nisa da shi sai wasan ya zama kamar na kowa. Abin da ya dace shi ne a auri mazhabobin biyu: a riƙe taswira guda ta 1997 da ƙofofinta masu sa mutum ya komo, a maido mata nauyin bulalar 1986. Domin illar Symphony, wadda masoyansa ba su cika son faɗi ba, ita ce bayan rabin tafiya Alucard yakan yi ƙarfi har ya zama shi ne abin tsoro a gidan, dodanni su koma kamar kajin gida. Kuma wanda ba ya shakkar mutuwa, yawon buɗe ido yake yi a kufai, ko da an cika masa shi da jemagu dubu. In za a ara daga Dead Cells, a ari kaɗan: harsashin gidan ya tsaya yadda yake domin a iya haddace shi, mazaunansa ne za su riƙa sauya wuri bayan faɗuwar rana.

Sai kuma wani sharaɗi wanda ba a jin sa daga bakin masu sharhi na Amurka da Ingila, domin ba su taɓa zama a bencin gidan gem ba. Doguwar tafiya irin wannan ba ta da muhalli a shagon da ake biya wasa-wasa, inda mutum goma suke jiran ka tashi, kuma in man janareta ya ƙare duk abin da ka tara ya tafi. Muhallinta a wurinmu waya ce, kuma an sa Symphony a wayoyi tun 2020, ta nan ne ma ya iso zaurenmu. To, sabon wasan da zai bukaci inji mai tsadar babur, ko ya ƙi tashi sai da data kamar yadda ƙwallon Konami ta koma tun da aka sauya mata suna zuwa eFootball a 2021, ya rufe ƙofa ga yaran nahiya guda. Ɗakunan ajiye ci gaba a kusa-kusa, da wasa mai gudana ba tare da intanet ba, su ne bambanci tsakanin a buga shi a Mashegu da a ji labarinsa kawai.

Ta fuskar labari ma an riga an buɗe wata taga. A fim ɗin zane da Netflix ya fara nunawa a 2017 an mayar da wani daga cikin mutanen labarin mai suna Isaac baƙar fata mai ambaton koyarwar Musulunci, a wanda ya biyo bayansa, Nocturne na 2023, kuma an kawo Annette, wadda aka danganta asalinta da Ogun na Yarbawa. Wasan yana iya bin wannan sawu. Sai dai ya kamata iyaye su sani, makaman da ke ciki sun haɗa da gicciye da ruwan coci, akwai jini da siffofin matattu, don haka ba kayan ƙananan yara ba ne; hukuncin lahawu kuwa sananne ne a wurin malamai, abin da ya shagaltar da mutum daga salla ya fita daga haddi, ko bulala ce ko ƙwallo.

Ban kuma ga dalilin da zai sa mu zauna jiran Japan har abada ba. Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ya ɗauki kayan tatsuniya da na littattafan Larabawa ya gina abin da ake karantawa har gobe, alhali ba shi da kome sai alƙalami. Muna da Dodo, da fatalwa, da ƙanƙarar maita, da tsofaffin ganuwoyi, da dajin Zugurma wanda aka haɗa shi da na Borgu aka yi gandun Tafkin Kainji. Kuma Hollow Knight ya nuna cewa mutanen da ba su cika tabarma guda ba suna iya yin irin wannan aiki. Samarinmu masu karatun kwamfuta a Minna da Zariya da Kano, ku sami wannan wasa na 1997 ku buga shi da takarda da fensir a gefe, ku zana taswirarsa ɗaki bayan ɗaki, ku lura da inda aka rufe ƙofa da inda aka ɓoye mabuɗinta.