Daga kantun gishiri zuwa ajin shimi: yadda elektoron suke zama cikin atom

A ƙasar Gidan Amumune, cikin yankin Mayayi, uban da ya tura ɗansa lise a Mayayi ko Tasawa yana biyan kuɗin littafi da guzuri, sau da yawa daga cinikin gero ko wake. In yaro ya komo hutu yana maimaita “K biyu, L takwas”, uban yana da hakkin ya tambaya ko mene ne amfanin wannan karatu. Amsar tana cikin kayan da ake kasawa a kasuwa.

Kowane abu an gina shi da ƙwayoyin da ido ba ya gani, waɗanda ake kira atom. A tsakiyar atom akwai cibiya, a kewayenta kuma elektoron. Baturen Ingila J. J. Thomson ne ya gano elektoron a 1897, Rutherford ya gano cibiyar a 1911, sa'an nan Niels Bohr, mutumin Danmak, ya bayyana a 1913 cewa elektoron suna zama hawa-hawa ne. Hawa na farko, K, yana ɗaukar 2 kacal. Na biyu, L, yana ɗaukar 8. Na uku, M, har 18. Ana fara cika na kusa da cibiya, kamar yadda ake cika gaban motar kasuwa kafin a hau baya.

Hawan ƙarshe shi ne mai yanke halin abu. Sodiyom yana da elektoron 11: biyu, takwas, da ɗaya tilo a waje. Ƙarfe ne mai taushi, in aka jefa shi a ruwa sai ya yi ta tafasa, wani lokaci har ya kama wuta. Kulor yana da 17: biyu, takwas, bakwai. Iska ce mai guba, wadda aka yi yaƙi da ita a Turai a 1915. Atom ya fi samun natsuwa in hawansa na waje ya kai takwas. Don haka sodiyom yakan miƙa ɗayan nan nasa ga kulor, kowa ya cika, sai su manne wa juna. Abin da ke fitowa daga wannan ciniki shi ne gishiri, irin na kantun da ayarin raƙuma ke kawowa daga Bilma. Sodiyom ɗin nan ne kuma a cikin kanwa da ruwan Jabel.

Buhun takin zamani mai rubutun NPK shi ma darasi ne. N azot ne, mai elektoron 7. P fosfor ne, mai 15. K kuwa fotasiyom ne, mai 19, kuma a nan ne mai haddar ka yakan faɗi. Tun da hawan M yana iya ɗaukar 18, sai ya rubuta 2, 8, 9. Kuskure ne. Elektoron na 19 yana tsallakawa hawa na huɗu, domin wurin ya fi masa sauƙin zama: 2, 8, 8, 1. Ɗaya tilo a waje ke nan, irin na sodiyom, shi ya sa halinsu ya yi kama, kuma suke layi guda cikin allon da Mendeleyeb na Rasha ya tsara a 1869, tun ba a san elektoron ba. Hadda ba ta da laifi, amma malamin da ya tsaya a kanta ya rage wa ɗalibi rabin hakkinsa.

Wani ruɗanin ya shafi arzikin ƙasa. Uraniyom, wanda aka fara haƙowa a Arlit a 1971, yana da elektoron 92, amma wutar lantarkin da ake samu da shi daga fashewar cibiyarsa take fitowa. Aikin elektoron ɗinsa shi ne haɗa shi da wasu sinadarai, kuma da wannan hali ne ake narkar da shi daga dutse da ruwan asid, a mayar da shi garin nan mai ruwan ɗorawa da ake lodawa cikin ganguna.