Mai Jakar Bayan Gida, In Zai Fita Kasuwa

Akwai cututtukan da kan sa likita ya huda cikin mutum, ya fito da bakin hanji, ya ɗinke shi da fata. Ta nan bayan gida zai riƙa fita, ya zuba cikin wata jakar roba da a ke mannawa a wurin. A kan yi wannan aiki in zazzaɓin taifot ya huda hanji, ko hanji ya murɗe, ko ciwon daji ya toshe shi. Na waɗansu 'yan watanni ne, sa'an nan a mai da hanjin ciki. Na waɗansu kuwa har iyakar rai.

Wannan ba abin kunya ba ne, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Duk da haka da yawa su kan kulle kansu a ɗaki, su bar kasuwa da zumunci, don tsoron shiga salgar waje. Bai kamata ba. Ga yadda za ka yi.

Kafin ka fita, ka juye jakar. Ka riƙe ƙunshi mai jaka sabuwa 2, da sabulu, da tsumma mai tsabta, da baƙar leda, da butarka. Kada ka bar ƙunshin a rana, zafi ya kan ɓata dankon jakar. Ran tafiya ka rage wake da ƙwai da albasa da lemon kwalba, gama su kan tara iska.

In ka isa kasuwa ko tasha, ka fara sanin inda salga ta ke. Bakin hanjin nan ba shi da linzami, ba ya jiran ka shirya. Da jakar ta kai sulusi ko rabi, sai ka tafi. In ka bari ta cika, nauyi zai ɓamɓare ta.

1. Ka rataye ƙunshinka, kada ka ajiye shi a ƙasa.
2. Ka tsuguna daf da ramin, ka saki bakin jakar tsakanin cinyoyinka, ka matse ta a hankali daga sama zuwa ƙasa.
3. In masai na ruwa ne, ka fara jefa takarda ciki don kada ya fallatso.
4. Ka goge bakin jakar, ka rufe shi sosai.
5. Tsohuwar jaka ba a jefa ta a rami ko masai. Roba ba ta ruɓewa, ta kan toshe. Ka ƙulle ta cikin leda, ka kai wurin shara.
6. Ka wanke hannu da sabulu.

In dole ka sake jaka, ruwa zalla ya isa wanke fata. Kada ka shafa mai ko kananzir. Ka bar wurin ya bushe tukuna, in ba haka ba jakar ba ta kamawa.

Wanda bayan gidansa ke fita ruwa-ruwa, lalle ya yawaita shan ruwa, da ruwan gishiri da sukari, balle da bazara.

Lafiyayyen bakin hanji ja ne, da damshi, kamar cikin baki. In ya yi baƙi, ko jini ya ƙi tsayawa, ko fita ta tsaya ga murɗar ciki da amai, a garzaya asibiti nan da nan, kada a kwana.

Ku kuma mutanen gida, ku taimake shi da ruwa da rufin asiri. In jakunkuna sun kusa ƙarewa, ku zo ɗakin shan magani tun da wuri.