Fijon Baba: Nawa Ne Kuɗin Motar da Ba a Gama Gyarawa Ba?

'Yan'uwana ɗalibai, kafin in shiga magana ina neman afuwa. Ni Bayarabiya ce haifaffiyar Ibadan, a bakin maƙwabtanmu na Sabo na fara jin Hausa, sannan na zo nan na karanta ta a aji. Saboda haka in an ga wata kalma ta zauna inda ba wurinta ba, a gyara mini. Abin da nake son in yi bayani a kai shi ne yadda ake yi wa tsohuwar mota kuɗi idan an fara gyaranta ba a gama ba. Larura ce ta koya mini wannan ilimi, bayan rasuwar mahaifina a 2022.

Cikin abin da ya bari akwai mota ƙirar Peugeot 504, wadda Hausawa ke kira fijo. Ya saye ta a 2017, bayan ya yi ritaya daga aikin koyarwa, don irinta ce motar farko da ya taɓa mallaka yana saurayi. Burinsa ya mayar da ita sabuwa fil. Ya sa aka sauke injin, aka cire kujeru da gilasai da fitilu, aka kankare rabin fenti, sai ciwo ya kwantar da shi. Tun daga nan motar take zaune a bayan gida a kan bulo huɗu, kayan cikinta kuwa suna warwatse: wasu a kwalaye cikin sito, wasu a garejin wani bakanike. A 2024 kuɗin makarantata da na ƙannena biyu ya fi ƙarfin mahaifiyarmu, ta ce a sayar. Da yake ni ce babba, ni aka ɗora wa aikin, tare da kawuna.

Ya kamata in ɗan faɗi matsayin wannan mota, domin shi ne ya fara ruɗa ni. A 1968 aka fito da 504 a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta ci gasar tseren Safari ta Kenya, inda hanya ke karya motoci. A wannan shekara ta 1975 ne masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Faransa ta daina ƙera 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har 2006. Ita ce motar manyan ma'aikatan gwamnati a zamanin mulkin soja na Obasanjo, wagon ɗinta kuma ita ce ta riƙa jigilar fasinja tsakanin Kudu da Arewa shekara da shekaru. Da na karanta wannan tarihi, sai na ɗauka dukiya ce muke zaune a kanta.

Daɗin daɗawa, Baba malamin makaranta ne, komai ya saya sai ya rubuta. Na ɗauko littafinsa na haɗa lissafi: kuɗin sayen mota, kuɗin walda, sabon lagireto, sabon faifan kuloci, kuɗin aikin bakanike. Sannan na tuna darajar naira ta faɗi ƙwarai tun 2023, na ninka jimlar. Wannan adadi na riƙe a raina muka tafi Sabo wurin wani dattijo dillalin motoci, aminin kawuna.

Alhaji ya zo gida da kansa. Na miƙa masa littafin, ya duba shafi biyu ya mayar mini, ya ce, “'Yata, wannan lissafin mahaifinki ne, Allah ya jiƙansa. Mai saye ba ruwansa da abin da aka kashe. Abin da ya rage masa ya kashe shi zai duba.” Na ce, “Ranka ya daɗe, to kuɗin nan duk sun tafi a banza ke nan?” Ya ce, “Ba duka ba. Bari mu ga wanda ya tsaya a jikin motar.”

Daga abin da na gani ran nan, da abin da na tambayo daga baya, ga yadda lissafin yake. Motar da ba a gama ba tana tsakanin farashi biyu. Na sama shi ne kuɗin irinta wadda aka gama, tana tashi tana tafiya. Na ƙasa shi ne abin da 'yan gwangwan za su biya idan sun auna ta a matsayin ƙarfe, kuma 504 tana da nauyin kilo 1,200 ko kusa da haka in tana cike da kayanta. Mai saye yakan fara daga na sama, ya cire abin da zai kashe kafin ta hau titi, sannan ya sake cire wani abu saboda tsoro. Alal misali, a ce wadda aka gama tana kai 100, kuma bakanike ya ce 60 za ta ci kafin a gama tamu. Ni da na yi lissafin aji sai in ce saura 40. Mai saye ba zai ba da 40 ba, domin ya san sittin ɗin bakanike kan zama tamanin da zarar an buɗe inji. Zai taya 20 ko 25. Wannan tsoro shi ya sa sau da yawa motar da aka wargaza ba ta kai kuɗin da aka saye ta tana tafiya da hayaƙinta da ƙararta ba. Mai tafiya ana iya hawanta a ji ciwonta. Wadda ke cikin kwali kuwa sai dai a yarda da maganar mai ita, mai tamu kuma ya riga mu gidan gaskiya.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne Alhaji bai fara da injin ba. Ya shimfiɗa tabarma ya kwanta a ƙarƙashin motar da tocila, da babbar rigarsa da komai. Tsatsa yake nema. Ya ce injin fijo ba abin tashin hankali ba ne: silinda huɗu ne, ba kwamfuta a cikinsa, kowane tsohon bakanike ya san shi, kuma ana samun kayansa a Agodi Gate nan Ibadan, ko Ladipo a Legas, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano. Bodi ne ba a saye a kwali. In tsatsa ta cinye daɓen mota, ko ƙasan ƙofofi, ko gindin gilashin gaba, ko wurin da ƙafafun mota ke riƙe da jikinta, aikin walda zai ci kuɗin da ya fi na inji, kuma da wuya ta koma daidai. Ya ƙwanƙwasa nan da can da sukundireba yana sauraren ƙara. Daga nan ya fito da ɗan mayen ƙarfe daga aljihu yana manna shi a jikin bodi. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya faɗi, ƙullin nan ne da masu gyaran bodi ke shafawa su cike rami kafin fenti. A ƙofar baya ta hagu ya faɗi sau uku.

A nan ne muka yi sa'a ɗaya. Baba ya sa an yi waldar daɓen da kyau, kuma da yake ba a yi fenti ba tukuna, aikin yana bayyane kowa na iya gani. Na yi niyyar in ranci kuɗi in fesa mata fenti don ta yi kyan gani. Alhaji ya hana ni. Ya ce sabon fenti a kan motar da ba ta tashi yana sa mai saye ya yi zaton ana ɓoye wani abu, kuma ba zan mayar da ko rabin kuɗin fentin ba.

Sai da ya gama da bodi ya je wurin injin, ya sa sifana a gabansa ya juya. Ya juyu, ko da yake da ƙyar. Da ya cije, da farashin ya sake sauka. Duba injin bai ɗauke shi minti biyar ba.

Bayan haka sai takardu, waɗanda a ganina su ne abin da masu sayarwa suka fi rainawa. Ya gwada lambar shasi da ke jikin motar da wadda ke cikin takarda, harafi bayan harafi. Ya ce mota ba takarda ba wanda zai zuba mata kuɗi, don ba zai iya sake mata rajista cikin kwanciyar hankali ba, sai dai a saye ta don a farke ta. Tamu haɗin Kaduna ce, saboda haka ba maganar takardar kwastan kamar motocin da ake shigowa da su. Amma sunan Baba ne a kai, don haka sai da muka rubuta yarjejeniya wadda duk magada suka sa hannu, da shaidu, kafin a yi maganar ciniki.

Inda muka yi asara ta gaske shi ne wajen kaya. Mun kwashe kwana biyu muna jera su a tsakar gida muna rubutawa. Da muka je garejin da aka ajiye sauran, ba kafireta, ba agogunan gaban direba, ba ƙarfen ado na gaba. Bakaniken ya rantse bai san inda suka shiga ba, yara masu koyon aiki kuma sun sauya sau da yawa cikin shekarun nan. Ƙananan abubuwa irin su marfin fitila da hannun ƙofa da robar gilashi su suka fi wuyar samu, domin ba su ake yawan nema a kasuwa ba, ga shi rashinsu ne ke hana mota zama cikakkiya. Sababbin kayan da Baba ya saya kuwa, waɗanda ke cikin kwalinsu da rasit, Alhaji ya ce a ware su. Su kaɗai ne cikin littafin nan suka riƙe darajarsu, har ma sun ƙara kuɗi.

Akwai kuma tambayar wane ne mai sayen. A Turai akwai masu tara tsofaffin motoci don sha'awa, amma ko a can 504 mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen sama su ne masu tsada, domin kaɗan aka ƙera. Tamu mai ƙofa huɗu ce, an yi miliyoyin irinta. A nan gida yawancin masu neman fijo don aiki suke nema, shi ya sa wagon da a-kori-kura suka fi saurin fita. Masu sha'awa suna nan, haka ma masu shirya finafinan da ke nuna zamanin da, irin fim ɗin '76 da aka ɗauka a nan Ibadan ya fito a 2016, amma ba su da yawa, jiransu kuma yana son wanda ba ya gaggawa. Tarihi kan ƙara wa mota daraja idan tarihin na jama'a ne. Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana gidan tarihi na Onikan a Legas, ba mai yi mata kuɗi. Tarihin motarmu kuwa mu huɗu kaɗai muka san shi.

An ba ni shawara in sayar da ita gunduwa-gunduwa, wai jimlar za ta fi. Gaskiya ne a takarda. Amma inji da giya da gilashi za su fita cikin mako biyu, sauran tarkace su zauna shekara, ni kuma ga jarrabawa a gabana. Ban da haka ma, mahaifiyata ta ce ba za ta iya kallon ana yanka ta ba.

Ga ɗalibin harshe, ranar cinikin darasi ce da ta fi awa biyu a aji. Mai sayen wani tsohon direba ne ɗan Zariya da ke zaune a Shasha. Alhaji ya ce masa, “Taya.” Na ɗan daburce ina duban ƙafafun motar, domin taya ta roba da taya ta ciniki a rubuce ɗaya suke. Ya taya, na ce “Albarka,” kamar yadda aka koya mini, wato ban yarda ba amma ba faɗa. Ya ƙara, na sake cewa albarka. A karo na huɗu Alhaji ya dube ni ya ɗan gyaɗa kai, na ce, “Na sallama.” Ya ba da kafin alƙalami, bayan kwana uku ya cika, muka fitar wa Alhaji la'adarsa. Abin da ya shigo hannunmu, har da kuɗin sababbin kayan, bai kai rabin abin da na rubuta a ranar farko ba. Ya biya kuɗin makarantarmu mu uku na zango guda, da ɗan saura.

Wata biyu bayan an ja motar, muna share ɗakin Baba, ƙanena ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado. Fitilun baya ne guda biyu, sababbi, a naɗe cikin tsohuwar jarida. Kawuna ya ce tun da ba su cikin yarjejeniya, sai a sayar masa daban. Na je na tambayi Alhaji, ya yi dariya ya ce, “'Yata, ba a koya muku ɗaya ma'anar gyara ba? In kin sayi gero, ɗan abin da mai awo ya ƙara miki a kai, shi ma gyara ne.” Ranar Asabar na shiga mota zuwa Shasha da kwalin a cinyata. Na tarar da fijon a gindin wata bishiya, an mayar mata da gilashin gaba, injin kuma yana ƙasa a kan buhu, yara biyu suna wanke shi da kananzir.