Shirin ko-ta-kwana a wurin aiki: A ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali

A watan Maris na shekarar 2016, gobarar da ta tashi cikin dare ta laƙume dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari da ke Kano. Mutane da yawa sun kwana da jari, suka wayi gari da toka. Duk lokacin da irin wannan ta auku, abin da ke fitowa daga bakin jama'a shi ne ƙaddara ce. Babu shakka ƙaddara gaskiya ce, amma imani da ita bai ɗauke wa kowa nauyin yin shiri ba.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina. Da labari ya isa ga Manzon Allah (SAW), sai ya bayyana wuta a matsayin abokiyar gaba, ya yi umarnin a kashe ta kafin barci. A yau wannan umarni ya shafi janareta, tukunyar gas da wayoyin lantarki da ake bari a kunne idan an tashi daga aiki ko an fita sallah.

Shiri yana farawa ne tun kafin musiba. Mai shago, shugaban makaranta ko mai masana'anta ya tabbatar ba a toshe ƙofofin fita da kaya ba, ya ajiye tukunyar kashe gobara da bokitin yashi inda hannu zai kai, ya kuma koya wa ma'aikata amfani da su. A ware wuri guda a waje inda kowa zai taru, domin a ƙirga mutane a gane wanda ya rage ciki. Kada a zuba wa janareta mai yana aiki ko yana da zafi, kada kuma a kunna shi a rufaffen ɗaki, domin hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ankara ba.

Idan wuta ta tashi, a ɗaga murya a sanar da jama'a, a kashe lantarki, a kira hukumar kashe gobara ko lambar gaggawa ta 112. Wutar fetur ko ta lantarki ba a watsa mata ruwa. Ta fetur yaɗuwa za ta yi, ta lantarki kuwa za ta iya jan mai watsawar. Wanda hayaƙi ya rutsa da shi ya duƙa ƙasa, can iska ta fi tsabta. Wanda ya ƙone a kwarara wa wurin ruwan sanyi na kimanin minti 20, ban da manja, ƙwai ko man goge baki. Wanda lantarki ya kama ba a taɓa shi da hannu, sai a kashe wutar ko a raba shi da ita da busasshen itace.

Babban kuskure shi ne komawa cikin wuta don ɗauko kuɗi ko kaya. Malaman fiƙihu sun gabatar da kiyaye rai a kan kiyaye dukiya, har sun wajabta yanke sallah domin ceton wanda ke gab da halaka. Ma'aikata amana ce a wuyan mai wurin aiki, kuma za a tambaye shi game da su. Allah Ya kiyaye mu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri.