Ƙarar Salansa Ba Ita Ce Ƙarfin Mota Ba

Daga cikin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal akwai da dama waɗanda mota ce gonarsu. Wani tasi yake ja, wani yana dakon tumatir da albasa zuwa kasuwar Mile 12, wani kuwa tasa ta hawa ce, sai Salla ta gabato ya ɗebi iyali su kama hanyar gida. Burinsu duka ɗaya ne, watau motar ta yi ja, ta kuma rage shan mai. Wannan buri ya daɗa ƙarfi tun ranar 29 ga watan Mayu, 2023, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, litar mai ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki.

To, a nan ne masu ba da shawara suka sami kasuwa. Da zarar mai mota ya koka cewa motarsa ta yi sanyi, sai a ce masa salansa ce ta shaƙe ta, a yanke a sa mai faɗi. Ya fito daga gareji motar tana ruri kamar gingimari, zuciyarsa fari fat, yana tsammanin ya sami ƙarin ƙarfi, alhali kuwa sau da yawa kunnensa ne kaɗai ya ji canji.

YADDA INJI KE NUMFASHI

Kowane silinda na injin fetur yana aiki ne mataki huɗu. Fistan ya sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta su fashe su tunkuɗa shi ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi waje. Kafin fetur kilo 1 ya ƙone sarai yana bukatar iska kilo 14.7. Ke nan ƙarfin inji ya dogara ne ga yawan iskar da ke shiga, da kuma sauƙin fitar hayaƙi.

Direban da ya saba zuwa Jos ya san wannan ko da ba a gaya masa dalili ba. Garin yana bisa tudu mai tsawon wajen mita 1,200, iskarsa ba ta kai ta bakin teku kauri ba, don haka injin da ba shi da turbo yakan yi asarar fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da yake da shi a Ikko. Haka kuma ƙurar hunturu takan toshe matatar iska, mota ta yi nauyi, a ɗora wa salansa laifin da ba nata ba.

Ita salansa an auna faɗin bututunta ne daidai da girman injin. Hayaƙin da ya fito daga silinda guda yana tafiya da gudu cikin bututu, gudun nan kuwa yana taimakawa wajen janyo hayaƙin silinda na gaba. Idan bututun ya yi faɗi fiye da kima sai gudun hayaƙin ya ragu, injin ya rasa ja lokacin tashi da tafiyar sannu. Wannan kuwa shi ne ƙarfin da mai tasi ya fi bukata a cunkoson Oshodi ko na gadar Third Mainland, inda da ƙyar zai wuce giya ta biyu. A ƙaramin inji maras turbo, canza tukunyar baya kaɗai ba ya ƙara abin da direba zai ji a totur.

MAGANAR “INDOMIE”

Motocin da aka saba da su a da, kamar Peugeot 504 da ake harhaɗawa a Kaduna, inda kamfanin ya fara aiki a 1975, kafireta gare su, makaniki kuwa da kunne da sukundireba yake daidaita ta. Motocin tokunbo na yanzu wata ƙwaƙwalwar lantarki ce ke auna musu mai, tana aiki da labarin da wata 'yar na'ura mai shinshinar hayaƙi ke aiko mata daga jikin salansa. Dabarar da ta yi wa 504 aiki tana iya lalata waɗannan.

A jikin salansar irin waɗannan motoci akwai wata tukunya mai tace hayaƙi, wadda makanikan Ikko ke kira “indomie” saboda cikinta ya yi kama da curin taliyar nan. Motocin Amurka sun fara ɗaukar ta tun 1975. Aikinta shi ne mayar da guba mai fita daga inji, musamman kabon monoksaid, ta zama iska mai sauƙin illa. An shafe cikinta da ƙarafa uku masu daraja, watau filatinam da faladiyam da rodiyam, kuma a shekarar 2021 kuɗin rodiyam ya ninka na zinariya fiye da sau goma. Wannan shi ya sa tsohuwar tukunya ke da kasuwa, shi ya sa kuma ya kamata mai mota ya yi hattara da duk wanda ya matsa masa lamba a cire ta, ya tambayi inda za a kai wadda aka cire.

Gaskiya ne tukunyar takan toshe, idan kuwa ta toshe mota ba ta ja. Amma ba haka kawai take toshewa ba. Mataccen fulogi da ke barin ɗanyen mai ya wuce, ko injin da ke cin baƙin mai, su ne ke narka ta ko su cushe ta. In an fasa ta an bar ciwon, an yi garin neman gira an rasa ido: fitilar gargaɗi za ta kama a gaban direba, hayaƙi ya yi wari, idan kuma an taɓa na'urar shinshinar nan mota ta shiga shan mai fiye da da.

Akwai kuma batun rai. Kabon monoksaid ba shi da launi, ba shi da wari. Waldar da ba ta kama ba a ƙarƙashin mota tana iya shigo da shi ciki, kuma direban da ya rufe gilashi ya kwanta a tasha inji na aiki yana iya yin barcin da babu farkawa.

Wani abin da ake yawan cirewa shi ne tamostat, wai don ƙasar nan akwai zafi. Shi ne ke riƙe inji a kan zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wajen digiri 90. In babu shi inji yakan daɗe bai ɗumama ba, ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙara masa mai, cikinsa kuma ya riƙa ci da wuri.

GYARA BISA TSARI

Wanda ke son ƙarfi na gaskiya sai ya fara maido wa motarsa lafiyarta. A auna matsin kowane silinda don a san ko zobban fistan da bawul suna riƙe iska. A canza fulogi da matatar iska da ta mai, a wanke nozul, a zuba baƙin man da littafin motar ya ambata. Motar da ta yi shekara 15 a kan hanya sau da yawa a nan ƙarfinta ya zube, a nan kuma za a tsinto shi, da kuɗi kaɗan.

Bayan wannan ne ake zancen ƙari. Salansa mai kyau ita ce wadda faɗinta ya dace da injin tun daga baki har wutsiya, lanƙwasarta ba ta matse ba, tukunyar tace hayaƙi kuma tana nan. Inji mai turbo ya fi cin moriyar irin wannan canji. Akan kuma sake shirya ƙwaƙwalwar mota da kwamfuta, amma aikin gwani ne, domin idan mai ya yi wa inji kaɗan zafi yana iya huda fistan. Shi kuwa mai niyyar sayen babban inji a kasuwar Ladipo ta Mushin, sai ya lissafa har da kuloci da lagireto da giya waɗanda za su iya ɗaukar sabon ƙarfin, ya karɓi rasit, ya kuma sa a gyara lambar inji a takardun mota, don kada a tsare shi a hanya da zargin kayan sata. Araha dai ba ta ado.

Daga ƙarshe sai birki da taya, ko da yake su ya kamata a fara dubawa. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta. Misali, 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya ko da zanenta bai goge ba tana iya fashewa a kan kwalta mai zafi da kaya niƙi-niƙi.

Dokar hanya ta ƙayyade wa motar gida kilomita 100 a sa'a a kan babbar hanya irin ta Ikko zuwa Badun, tasi da bas kuwa 90. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu a watan Fabrairu na 2017. Kusan kowace lafiyayyar mota tana kai wannan gudu ba tare da an yanke mata kome ba. Tsakanin Ikko da Kano kuwa akwai tafiyar wajen kilomita 1,000, kuma iyalin da ke jira a gida ba su damu da ƙarfe nawa aka iso ba, muddin an iso lafiya.