Safar Hannun Mai Babur, Daga Hunturu Zuwa Damina

Duk wanda ya yi tuntuɓe, yaro ne ko dattijo, kafin hankalinsa ya gama fahimtar abin da ya same shi, hannuwansa sun riga sun miƙe don su tari ƙasa, domin haka Allah Maɗaukakin Sarki Ya halicci ɗan Adam, hannu ne ke fansar fuska da ƙirji. To, idan faɗuwar ta auku daga kan babur mai gudun kilomita 50 a awa, wato kusan mita 14 a kowane sakan, wannan tafin hannu da muke cin abinci da shi, muke alwala da shi, shi ne zai fara gaisawa da kwalta. Amma tun ranar 1 ga Janairun 2009, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Nijeriya ta wajabta sanya hular kwano, zance duk a kan kai ya tsaya, ba a cika jin mai ambaton hannu ba.

Likitoci sun ƙidaya ƙasusuwa 27 a hannu guda, takwas daga cikinsu ƙanana ne, suna jere a wuyan hannu. Akwai ɗaya a gindin babban yatsa, wanda suke kira sikafoyid, shi ya fi saura karyewa idan mutum ya dafa ƙasa da ƙarfi, kuma illarsa ita ce jini ba ya isa gare shi sosai, saboda haka ɗorinsa yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, har ma a kai ga tiyata. Yadda abin ke faruwa kuwa shi ne, tafin hannu ya kama kwalta ya tsaya cak, alhali gangar jiki tana ci gaba da tafiya, sai wuyan hannu ya lanƙwashe fiye da ƙima. Ga tela, ko makanike, ko ɗan kabu-kabu a Maraɗi da Damagaram, wata uku ba hannu ma'anarsa wata uku ba cefane.

Abin da ya fi damuna shi ne, galibin masu babura a wajenmu ba sa tuna safar hannu sai hazo ya sauka, sa'an nan a tsaya bakin titi a sayi ta ulu, irin wadda ake rataye wa tare da hulunan sanyi. Wannan maganin ɗari ce kawai. Ranar da aka faɗi, ulu zai yage nan take, kuma ko ba a faɗi ba, santsinsa kan hana riƙe totur da birki yadda ya kamata. Turawa sun daɗe da binciken wannan mas'ala. A 1981 wani masani a Amurka mai suna Harry Hurt ya fitar da rahoton haɗurran babura 900 da aka bi diddiginsu a Los Angeles, inda ya tabbatar da cewa safar hannu mai kauri da takalmi da riga masu ƙarfi suna rage ƙujewa da yankewar fata. Ƙasashen Turai kuma suna da ma'auni mai lamba EN 13594, wanda aka sabunta a 2015, inda ake goga safar a kan bel mai kaushi: mai daraja ta 1 sai ta jure aƙalla sakan 4 kafin ta huje, mai daraja ta 2 kuwa sakan 8. Idan ka ga harufan KP a takardar da aka ɗinka cikinta, alama ce an gwada garkuwar da ke bisa gaɓoɓin yatsu. Faransa ma ta mayar da sanya safar hannu a kan babur doka tun 20 ga Nuwamban 2016, wanda ya saɓa tararsa Yuro 68.

Sai dai buga tambari ba wuya gare shi, jabu kuma sun cika kasuwa, saboda haka wajibi ne mai saye ya yi aiki da idonsa da hannunsa. Ya fara da tafin safar: fata ce ta gaskiya, ko roba ce da aka yi wa kamannin fata? Ya juya cikinta ya duba ɗinki, domin ta nan safa ke fara ɓarkewa, ya nemi mai ɗinki biyu da ƙarin fata a dunduniyar tafi, in da hali mai ɗan faifan roba mai tauri a wurin, wanda zai sa hannu ya zame bisa kwalta maimakon ya kafe. Wasu masana'antu kan ƙara zaren Kevlar, wanda Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont a 1965. Bayan haka sai maɗaurin wuyan hannu, wanda a ganina ya fi kome muhimmanci: ka sa safar, ka ɗaure, ka sa wani ya fizge ta daga yatsu da ƙarfi, in ta fita, ajiye ta, komin kyanta, domin haka za ta fita ranar buƙata. Daga ƙarshe ka dunƙule hannu kamar ka riƙe kan babur, ka ji ko ta matse ka ko yatsunta sun yi maka tsawo.

Game da yanayi, alal haƙiƙa babu safa ɗaya da za ta gamsar da mutum shekara cur, kuma wanda ya ce maka akwai, ciniki yake nema. A bazara, lokacin da zafin Sakkwato da Maiduguri ke wuce digiri 40, ana son fata marar shafi a ciki, mai ƙananan huji a bayan hannu don iska ta ratsa, amma tafin ya kasance fata sosai. Safa mai yankakkun yatsu da samari ke sha'awa ta bar yatsu tsirara, alhali su ne abin karewa. A hunturu, wanda ya taɓa fita da asuba a hanyar Jos ko Zariya ya san yadda yatsu ke ƙagewa har su yi nauyin kama birki, wannan jinkiri kuwa shi kansa sababin haɗari ne. Nan ana buƙatar mai shafi da dogon wuya da zai rufe bakin hannun riga, amma kada kaurinta ya hana jin kuloci. A damina fata kan sha ruwa ta yi nauyi, sai dai mai shimfiɗar hana ruwa a ciki irin Gore-Tex, wadda ke da tsada; idan ta jiƙe, a shanya ta a inuwa, domin rana da wuta suna busar da fata har ta tsage. Shawarata ita ce mutum ya mallaki biyu. In aljihu bai kai ba, ya sayi ta bazara mai inganci, da sanyi ya sa siririyar safar auduga a ƙarƙashinta.

Na sha jin masu cewa abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa, wannan kuwa gaskiya ce, amma malamanmu sun karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kuma kiyaye rai da gaɓoɓi yana cikin manufofin shari'a. Wani abin lura kuma, fatar akuya tana cikin waɗanda masu ƙera safar babur a duniya suka fi so, saboda laushinta da ƙarfinta, ga shi kuwa jar akuyar Sakkwato ce ayari suka riƙa ƙetare Sahara da fatarta har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Majemun Kano na nan a Sharaɗa da Chalawa, dukawa na nan a Kasuwar Kurmi. Da hukumomin koyar da sana'a za su samar musu da samfuri, da zare mai ƙarfi, da hanyar gwada abin da suka ɗinka, da ɗan acaɓa ya sami safa ta gaskiya a farashin da zai iya biya.