Ko Kun Sani? Marubucin da ya riƙe tsohuwar kwamfutarsa

George R. R. Martin, marubucin nan ɗan Amurka wanda aka ɗauko shirin Game of Thrones daga littattafansa, ya shaida wa mai gabatar da shirin talabijin Conan O'Brien a wata hira a shekarar 2014 cewa da manhajar WordStar 4.0 yake rubutu, wadda ta fito tun 1987. Kwamfutar da yake aikin a kanta mai tsarin DOS ce, ko kaɗan ba ta haɗe da intanet. Wata daban ya ware domin imel da sauran hidimomi.

Yana da hujja kuwa. Sababbin manhajoji shisshigi suke yi masa: ya buga ƙaramin harafi, su mayar da shi babba. Mai ƙirƙiro sunaye irin su Targaryen kuma kullum sai a ja masa jan layi a ƙarƙashinsu, wai kuskure ne. Ita tsohuwar, abin da ya buga shi take ajiye masa, ba ƙari ba ragi. Duk wanda waya ta taɓa juya masa kalmar Hausa zuwa Turanci yana tsaka da rubuta saƙo ya san takaicin wannan katsalandan. Sannan babu wata sanarwa da za ta faɗo ta raba wa Martin hankali yana tsakiyar babi.